Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Shugaban Hukumar FAO, Dakta Qu Dongyu: a daina ɗora wa magidanta laifin ɓoye abinci

Ranka ya daɗe, barka da aiki.

Na san da wuya wannan rubutu ya kai teburinka a birnin Rum, to amma ba zan fasa ba, tunda kai ne ke riƙe da hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya tun 2019, kuma maganar ta daɗe tana cina.

Duk sanda aka ce abinci zai yi ƙaranci, abu na farko da muke ji daga bakin manya shi ne wai jama'a su kwantar da hankalinsu, kar a yi rububi, kowa ya sayi daidai buƙatarsa. Sai a ɗauko hoton wata baiwar Allah ta cika keken kanti da kaya a yi ta yawo da shi a intanet ana zaginta, wai irinsu ne suka ja mana. Yallaɓai ni dai ban yarda ba. Matar nan ta shigo ta tarar da wajen da ake jera gari wayam, na gabanta ya ɗauki uku, ma'aikacin kantin ta tambaye shi yaushe za a kawo wani ya ɗaga kafaɗa, ga yara a gida, me kake so ta yi? Ko ni ne sai na ƙara ɗaya. Laifi tudu ne ka taka naka ka hango na wani, don manyan masu rububin abinci a duniyar nan gwamnatoci ne, kuma ka fi ni sani.

Mu ɗauki 2008 tunda ita ce ta fi bani haushi. Shinkafa ba ta yi ƙaranci ba a shekarar, an noma ta sosai. Indiya ce ta fara taƙaita fitar da tata a ƙarshen 2007, Biyetnam ta bi sahu, Masar ma haka, sai Filifin ta tsorata ta fito tana neman saye da yawa ko nawa ne, shikenan cikin 'yan watanni farashi ya ninka kusan sau uku har tan ɗaya ya kai dala 1,000. A Haiti tarzomar abinci ta yi awon gaba da kujerar firaminista a watan Afrilu, a Amurka kuwa har manyan kantuna irin su Costco da Sam's Club sai da suka ƙayyade buhu nawa mutum zai ɗauka. To me ya kashe wutar? Labari ne kawai ya fita cewa Japan na da tarin shinkafa a sito kuma za a bari ta fitar da ita. Kafin a yi lodin wani abin kirki farashi ya fara sauka, 'yan kasuwar da suka ɓoye suka fara fito da nasu don kar ya kwantar musu. Wato abin da ya ɓata tun farko shi ne sanin nawa ke akwai kuma a hannun wa.

An ce an koyi darasi. Bayan Rasha ta hana fitar da alkama a 2010, ƙasashen G20 masu ƙarfin tattalin arziki suka kafa wani tsarin tattara bayanai mai suna AMIS a 2011 don a riƙa bayyana yawan alkama da masara da shinkafa da waken soya da ke kasuwar duniya, kuma ofishinta a gidanku yake. Madalla. Sai ga korona a 2020, Biyetnam ta sake dakatar da fitar da shinkafa na wani ɗan lokaci. A 2022 yaƙin Yukiren ya ɓarke, ma'aunin farashin abinci na hukumarku ya kai inda bai taɓa kaiwa ba a watan Maris, Indonesiya ta hana fitar da manja a Afrilu, Indiya ta hana alkama a Mayu, a Yulin 2023 kuma ta hana farar shinkafar da ba basmati ba alhali kusan kashi 40 cikin 100 na shinkafar da ake cinikinta tsakanin ƙasashe daga can take fitowa. Nan da nan bidiyon layi a kantunan Amurka ya cika waya, kuma wa aka yi wa dariya, masu layin. Ministan da ya sa hannu a takardar ba wanda ya nuna shi da yatsa.

Akwai kuma abin da zai maka ɗaci amma sai na faɗa. Ƙasarka Sin, bisa ƙiyasin ma'aikatar noma ta Amurka, tana riƙe da wajen rabin alkamar da ke ajiye a duniya, masara ma fiye da haka. Ban ce laifi ba ne ƙasa ta yi tanadi don mutanenta, kowa ya san labarin Annabi Yusuf da shekaru bakwai. Abin da ke damuna shi ne ƙiyasi ake yi, ba a da tabbas, kuma duk inda aka bar mutane cikin duhu jita-jita ce ke cin kasuwa.

Sai batun shawarar da ake ba magidanta, nan ma akwai ruɗani. A 2016 Jamus ta ce wa mutanenta su ajiye abincin kwana 10, Suwidin ta raba ɗan littafi na shirin ko-ta-kwana gida-gida a 2018, Tarayyar Turai a 2025 ta ce kowa ya tanadi abin da zai riƙe shi awa 72. Wannan duk daidai ne, ba a fafe gora ranar tafiya, kuma irin wannan tanadin da ake yi a hankali lokacin da kasuwa ke cike ba ya cutar da kowa, yau ka ƙara gwangwani ɗaya gobe ka ƙara sabulu, kana ci daga tsohon kana mayar da sabo. Amma duba abin da ya faru a Nuwamban 2021 da ma'aikatar kasuwanci ta Sin ta fito rana tsaka ta ce iyalai su ajiye kayan masarufi ba tare da cikakken bayani ba, mutane suka ɗauka ko wani abu ne zai faru suka afka kantuna, sai da hukumomi suka dawo suna lallashi. Shawara ɗaya ce fa, lokacin faɗinta ne ya bambanta. Wanda kuma ya saya cikin firgici sau da yawa asara yake, ya jibge buhu a ɗaki mai danshi, bayan wata biyu ya buɗe ya tarar ƙwari sun riga shi.

Sannan duk wannan surutun na mai kuɗi ne. Rahoton da ku da kanku kuka fitar ya ce wajen mutum miliyan 733 ne suka yi fama da yunwa a 2023. Wanda yake hannu baka hannu ƙwarya, sai ya fita ya samo sannan a ɗora tukunya, ka ce masa ya ajiye na kwana 10 ai kamar zagi ne. Shi ne ma yake shan wahalar tanadin wasu, don ranar da masu hali suka kwashe kaya farashi ya tashi, shi zai zo da 'yan canjinsa a auna masa rabin abin da ya saba samu jiya. Wannan mutumin sitonsa ɗaya ne, na gwamnati, in babu komai a ciki ko an ɓoye masa gaskiyar abin da ke ciki to ya shiga uku.

Na san ba ka da soja ba ka da kotu, ba za ka iya tilasta wa wata ƙasa buɗe iyakarta ba. Amma kana da baki, kuma ana jin maganarka. A Yunin 2022 ƙasashen ƙungiyar cinikayya ta duniya WTO sun amince ba za su hana fitar da abincin da hukumar samar da abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya, WFP, ta saya don agaji ba, kenan in an matsa ana samun wani abu. Don haka in wata ƙasa ta sake rufe ƙofa, ka kira sunanta a fili ka faɗi waɗanda za su kwana da yunwa saboda ita, ka bar irin sanarwar nan mai santsi da ba ta taɓa kowa. Rahoton AMIS ɗin nan kuma da ba mai karantawa sai masana, don Allah a mayar da shi magana mai sauƙi cikin harsunan da mutane ke ji, a ba gidajen rediyo su karanta duk wata, mutum ya ji da kunnensa nawa aka noma nawa ke sito. In kun zauna da ministoci ka tambaye su ɗaya bayan ɗaya kwana nawa ajiyarsu za ta ciyar da talakawansu, wanda ya ƙi faɗa a rubuta cewa ya ƙi faɗa, a wallafa mu gani.

Na gode, a huta lafiya.

Daga wani magidanci