Wasiƙa zuwa ga Umma daga Bolonya

Bolonya, Italiya
10 ga Disamba

Assalamu alaikum Umma,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina lafiya, ke da Abba da duk mutanen gida. Ya jikin Kaka? Allah Ya ƙara sauƙi. Na san muna gaisawa a WhatsApp, amma da na ji muryarki sai maganar ta tsaya mini a maƙogwaro, in ce "lafiya lau" kawai. Shi ya sa na zauna na rubuto, Auta ta karanta miki a tsanake.

Kullum tambayarki ba ta wuce salla, abinci da sanyi. Bari in fara da sallar, don ita ce ta fi tsaya mini a rai.

Umma, garin nan babu kiran salla. Ban san kunnena ya dogara da ladanin unguwarmu ba sai da na kwana a nan, gari ya waye shiru, sai ƙararrawar coci. A satin farko sau biyu na makara sallar asuba, na tashi zuciyata a jagule. Yanzu waya ce ladanina. Lokutan ma sun matse: azahar sha biyu da 'yan mintuna, la'asar kafin biyu da rabi, ƙarfe huɗu da rabi rana ta faɗi. Ina yawo da ƙaramar dardumar da kika saka mini a jaka, in samu lungu a makaranta in tayar.

Masallacin da nake zuwa Juma'a wani tsohon ɗakin ajiyar kaya ne, ba hasumiya, ba alama, in ba a nuna maka ba sai ka wuce. A ciki kuwa ga 'yan Maroko, ga 'yan Bangaladash, ga 'yan Senigal, kafaɗa da kafaɗa. Juma'a ta uku, ina neman takalmina a bakin ƙofa kika kira, na ce "Na'am Umma." Sai na ji an dafa kafaɗata an ce, "Ɗan'uwa, daga ina?" Wani dattijo ne ɗan zangon Kumasi, ya fi shekara ashirin a nan. Wallahi sai da na yi ƙwalla. Tun ranar duk Lahadi a gidansa nake cin abincin rana, matarsa ta ɗauke ni kamar ɗanta. Ki sa su a addu'a.

Abinci kuwa, mutanen garin nan suna ji da girkinsu, amma naman alade ya shiga kusan ko'ina, har miyar taliyar da suka yi suna a kanta. Kalmar da na fara haddacewa ita ce "maiale", wato alade, kuma ba na sayen komai sai na karanta bayan leda. Akwai mahautan halal a Bolonyina, unguwar da ke bayan tashar jirgin ƙasa. Abin da zai ba ki mamaki, suna da tuwon masara! "Polenta" suke ce masa. Na sayi garin na tuƙa da kaina, na samo kuɓewa ɗanya a shagon wani ɗan Bangaladash. Ta yi yauƙi, sai dai babu daddawa, miyar ta tashi salam.

Sanyin nan ba irin na hunturu ba ne. Hazonsu jiƙaƙƙe ne, yana ratsa ƙashi. Abin da ke taimakona shi ne rumfunan garin: gine-ginen suna da baranda mai ginshiƙai a gefen titi, kusan kilomita 40 a tsakiyar gari kaɗai, sai ka yi tafiya mai nisa ruwa bai taɓa ka ba. Rigar sanyin da muka saya a Kantin Kwari ba ta isa ba, na ƙara wata.

Ki gaya wa Abba jami'ar Bolonya da nake karatu a cikinta tun 1088 aka kafa ta, ita ce mafi tsufa a Turai. Yawancin jarrabawarsu ta baka ce: ka zauna gaban malami ya yi ta tambayarka, sauran ɗalibai suna saurare. Makin ƙoli 30 ne, da 18 ake haye. Tawa ta farko a Janairu take, kuma gabana na faɗuwa, don haka ina neman addu'arku.

Ba zan ɓoye miki ba, neman ɗaki ya ba ni wuya. Wani mai gida mun gama magana a waya, da ya gan ni ya ce an riga an kama. Na yi haƙuri, Allah Ya ba ni wani, mu biyu da wani ɗalibi ɗan Tunusiya. Takardar izinin zama na cike ta a gidan waya cikin kwana takwas da isowata kamar yadda doka ta ce, an ɗauki hoton yatsuna, yanzu katin nake jira. Tallafin karatun yana biyan haya da ci, amma babu rara, shi ya sa ban aiko da komai ba tukuna.

Don Allah ki samu Kawu ki yi masa magana kan ɗansa da ke zancen bin Agadas zuwa Libiya. Na zauna da yaran da suka haye teku a kwale-kwale. Wasu sun shekara suna jiran takarda, ba aiki, ba hanyar komawa, kuma ba sa iya faɗa wa iyayensu gaskiya. Ya tsaya ya gama karatunsa, ni zan nuna masa yadda na nemi gurbi.

Ƙanin dattijon nan ɗan Kumasi zai bi ta Kano a watan gobe. In da hali a ba shi kuka, daddawa da yajin Goggo, a ƙulle su sosai a leda biyu. A gaida Abba, Kaka, Yaya da yaranta, da Malam na makarantar allo.

Wassalam,
Ɗanki mai kewarki