Ga Matasanmu Masu Aikin Agaji a Sudan: Hanyar Zama Malamin Jami'a a Wannan Fanni

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a jaridarka domin matasanmu Hausawa na Gadarif, Kassala, Sinnar da Mai Wurno. Tun da yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023, da yawansu ke dafa abinci a takiyya, wato wurin dafa wa jama'a abinci kyauta, suna raba jarkoki, suna rubuta sunayen waɗanda suka gudo daga Khartum da Wad Madani. Wasunsu da digirinsu a aljihu. Idan ƙura ta lafa, jami'o'in ƙasar nan za su nemi masu koyar da aikin jin ƙai da tunkarar bala'o'i, kuma zai zama asara a ce waɗanda suka sha rana a fili su ne za su koma ɗaukar wa wasu jaka.

Fannin ba shi da ƙofa ɗaya. Mai digirin lafiyar al'umma, da injiniyan ruwa, da wanda ya karanci labarin ƙasa, noma, shari'a ko halayyar zaman jama'a, duk suna iya shiga. A digiri na biyu ake haɗuwa. Jami'ar Afirka da ke Khartum, wadda ɗaliban Najeriya suka sani sosai, ta daɗe da cibiyar nazarin bala'o'i da 'yan gudun hijira. Mai halin fita kuma, akwai irin wannan cibiya a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da Jami'ar Maiduguri.

Matakan aikin a jami'o'in Sudan sanannu ne. Ana farawa da musa'id tadris, wato mataimakin koyarwa, wanda ake ɗauka da digirin farko mai kyakkyawan sakamako. Da majistir, wato digiri na biyu, a zama muhadir, da digirin dakta a zama ustaz musa'id, daga nan sai ustaz musharik, sai farfesa. Matakai biyun ƙarshe ba a hawansu da yawan shekaru kaɗai, sai da maƙaloli a mujallun da masana ke tantancewa. Kafin duk wannan, a gyara takardu: shaidar digiri da takardar makin kowane darasi, a kai su a buga musu hatimin ma'aikatar ilimi mai zurfi, a haɗa da takardar hidimar ƙasa. Jami'o'i da dama sun bar harabarsu saboda yaƙi, samun takarda yanzu yana cin watanni, don haka kada a jira sai an ga sanarwar ɗaukar aiki.

To amma takarda kujera kawai take bayarwa. Abin da ke riƙe malami a aji shi ne ya iya sa ɗalibi lissafi da hannunsa. Ƙa'idojin Sphere, waɗanda ƙungiyoyin agaji suka fara tsarawa a 1997, sun ce kowane mutum ya samu aƙalla lita 15 ta ruwa a rana, kada wurin ɗiba ya wuce mita 500 daga matsuguninsa, mutum 250 ga kan famfo ɗaya, mutum 20 ga masai ɗaya, sannan murabba'in mita 45 ga kowane kai idan sabon sansani za a yanka. Haddace wannan aikin dare ɗaya ne. Malamin kirki zai ce: ga mutum 5,000 sun sauka a bayan gari, me kake bukata? Amsa ita ce lita 75,000 kullum, kan famfo 20, masai 250, da fili hekta 22 da rabi, kusan faddan 54. Idan tankarka mai lita 10,000 ce, sawu 8 ke nan a rana. Sai ya ƙara masa: watan Agusta ne, a baƙar lakar Gadarif, inda mota ke kafewa kwana biyu bayan ruwan sama, ramin masai kuma ya rufta in ba a ɗaure bakinsa da bulo ko ganga ba. Nan ɗalibi zai gane dalilin ajiye ruwan kwana biyu a tanki, da dalilin da masu aiki a sansanonin Um Rakuba da Tunaidba, inda aka sauke 'yan Habasha da suka gudo daga yaƙin Tigray, suke fargabar damina.

Haka batun kulorin, maganin kashe ƙwayoyin cuta a ruwan sha. Bayan kwalarar da aka ayyana a Agustan 2024, wadda ta yi ɓarna a Kassala da Gadarif, bai kamata ɗalibi ya fita daga wannan sashe bai taɓa gwajin bokiti ba. Ana narka giram 15 na garin kulorin mai ƙarfin kashi 70 cikin lita 1 ta ruwa, a samu uwar haɗi mai kashi 1. A jera bokitin roba 4, kowanne lita 20 na ruwan da za a sha, a zuba musu mililita 1, 2, 3, 4 da sirinji, a motsa, a jira minti 30, a auna. Bokitin da ragowar kulorinsa ya tsaya tsakanin miligiram 0.2 da 0.5 a lita, shi ne ma'auni; lokacin annoba a ɗaga zuwa 0.5 har 1. Inda ake yin tuntuɓe: a yi amfani da bokitin ƙarfe, kulorin ya ci ƙarfen ya ƙare, a bar uwar haɗin a rana ta salance, ko a zuba wa ruwa mai laka, irin na kogin Gash in ya kawo, alhali sai an sa alif ya kwanta tukuna. In kuma aka cika hannu, mata za su ji wari su koma ɗibar ruwan kwari, an yi ba a yi ba ke nan. Malamin da bai taɓa ganin uwa ta zubar da jarkar ruwan da aka ba ta ba, wannan gaɓar ba za ta zo masa a rai ba.

Ga inda nake ganin matasanmu ke yin sakaci. Kwamitin ɗaukar malamai ba ya auna gumi, abin da aka rubuta yake dubawa. Wanda ya shekara biyu yana auna damtsen yara da tef ɗin gano tamowa, ya san ƙasa da santimita 11.5 ja ne, tamowa mai tsanani, amma in bai ajiye alƙaluman ba, da kwanan wata da unguwa da shekarun yaro, ba shi da abin rubuta kundin majistir. A sayi littafi mai kauri, a riƙa rubutawa kullum, a ɗauki hotonsa a waya saboda gudu ba ya sallama. A karɓi takardar shaidar aiki daga ƙungiyar da aka yi wa hidima tun shugabanta yana nan. Kuma duk bayanin da za a yi bincike da shi, sai da yardar mai shi, a cire sunaye, a samu amincewar kwamitin ɗa'a na jami'a da izinin hukumar da ke kula da sansanin. Mujallar kirki ba ta karɓar maƙalar da ba ta da wannan, mujallar da ke cewa a turo dala ta buga cikin mako guda kuwa, kwamitin ƙarin girma na iya watsar da ita.

Abin bincike bai yi kaɗan ba. Ambaliyar 2020 ta wuce ta 1946 da ta 1988 a ma'aunin Khartum. Madatsar Arba'at da ke shayar da Port Sudan ta fashe a Agustan 2024. Cutar kala-azar, zazzaɓin da cizon wani ɗan ƙuda ke kawowa, ta daɗe a karkarar Gadarif. Gargaɗin ambaliya kuwa da Larabci yake fita, kuma a ƙauyukanmu na bakin Shuɗin Nilu akwai tsofaffi da matan da Hausa ta fi zama musu a kunne. Yadda saƙo ke isa gare su, ta bakin wa, cikin awa nawa, bincike ne da ɗan gida zai fi kowa iya yi. Sai dai ya dage da Turanci, domin rahotannin agaji da yawancin mujallun fannin da shi ake rubuta su.

Ba zan ɓoye ba, albashin jami'a bai kama ƙafar na ƙungiyoyin waje ba, faɗuwar fam kuma ta ƙara rage masa auki. Yawancin masu wannan fanni suna haɗawa da horar da ma'aikatan ƙungiyoyi ko tantance ayyukansu lokacin hutu. A nemi izinin shugaban sashe a rubuce kafin a sa hannu a kwantiragi, a kuma duba sakin da ya ce wa ke da mallakar bayanan da za a tattara, don kada a gama wahala ƙungiya ta hana bugawa.

Wassalam.

Mai karanta jaridarka,
daga Gadarif, Sudan.