Kafin ma'aurata su sake ɗaura kayan tafiya

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a wannan jarida domin in ja hankalin ma'auratan da suka yi tafiye-tafiye tare a shekarar da ta gabata. Idan an tashi waiwaye, yawanci hotunan waya ake buɗewa. Ba laifi, amma ya kamata su biyun su zauna su baje fasfo da tikitoci da rasidai, su gano inda aka sha wuya da abin da ya jawo.

Fasfo shi ne farko. Ƙasashe da yawa ba sa karɓar wanda bai kai wata 6 ba kafin ya ƙare, kuma da wuya na miji da na mata su ƙare lokaci ɗaya, sai a duba na mutum ɗaya a ɗauka an gama. Waɗanda suka shiga yankin Shengen na Turai su ƙirga kwanakinsu: ƙa'idar kwana 90 ce cikin kowane kwana 180, ana ƙirgawa baya daga ranar da ake ciki, ba daga Janairu ba. Idan ɗaya ya riga ɗaya shiga ko fita, lissafin kowa daban ne. A kuma duba suna. Matar da ta sauya suna bayan aure, sunan da ke cikin fasfonta za a rubuta a tikiti harafi da harafi, in ba haka ba ana iya hana ta hawa jirgi.

Abin da ya fi damuna shi ne a tara komai a hannun mutum ɗaya. Shi ke riƙe da fasfo biyun, da katin banki, da lambar tikiti, da adireshin otal, ɗayan kuwa bin sa kawai yake. Ranar da aka sace wayar mai riƙon, ko ciwo ya kwantar da shi, ko jami'in shige da fice ya raba su layi ya tambayi ɗayan inda zai sauka, sai a rasa ta cewa. Kowa ya riƙe fasfonsa da kwafin na abokin tafiyarsa, da lambar nan mai haruffa shida ta tikiti, da adireshin masauki a rubuce a takarda, da katin banki na asusu daban da ɗan kuɗi a aljihu. Wannan ba rashin yarda ba ne, kula da juna ne.

Haka ma kaya. Maimakon akwatin miji daban na mata daban, a raba tufafin kowa gida biyu, ta yadda idan akwati ɗaya ya maƙale babu wanda zai rasa na sawa. Magani da batirin cajin waya a jakar hannu suke tafiya, ba a zuba batirin a akwatin da za a auna saboda haɗarin gobara. Idan akwati bai fito ba, kada a bar filin jirgi sai an cike takardar rahoto a teburin kamfanin, kuma za a nemi ƙaramar takardar da aka liƙa lokacin awo, wadda mutane da yawa ke yarwa. Yarjejeniyar Montreal ta 1999, wadda ta shafi sufurin jiragen sama tsakanin ƙasashe, ta ba da kwana 7 a rubuta ƙorafi kan kayan da suka lalace, kwana 21 kan waɗanda suka iso a makare. Wa'adin na wucewa, haƙƙin ya tafi.

Wanda zai sauya jirgi a hanya, sai jirgi na biyu ya tashi ya bar shi, ya duba ko tikiti biyu daban ya saya don neman sauƙi. In haka ne, kamfani na biyu ba ruwansa da jinkirin na farko. A rasidai kuma a lura: duk inda na'urar biya ta tambayi da kuɗin wace ƙasa za a biya, zaɓar kuɗin ƙasar da ake ciki ya fi araha.

Idan ana sa ran juna biyu a bana, a tsara tafiya da wuri. Kamfanoni da yawa suna neman takardar likita daga mako na 28, ba sa ɗauka bayan mako na 36, mai tagwaye kuwa mako na 32.

Sai tambayar da takarda ba ta amsawa: wa ya zaɓi wuraren da aka je bara, wa ya yi shiru ya bi? A tambayi wanda ya yi shirun inda yake so a je bana, kafin a sayi tikiti.

Wassalam.

Naku,
Wani mai karatu