Ɗakin karatun makaranta ya koma sito

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a jaridarka mai farin jini.

A makarantu da dama, ɗakin da aka rubuta wa "Laburare" ya koma sito: karyayyun kujeru, tsofaffin rajistoci, da littattafan da gara ta fara ci. Ƙofa da kwaɗo, mabuɗi kuma yana aljihun malamin da bai zo ba. Alhali tun 1999 UNESCO, hukumar ilimi ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta amince da sanarwar IFLA, ƙungiyar ɗakunan karatu ta duniya, wadda ta ce ɗakin karatu ginshiƙi ne na koyarwa, kuma ƙwararren ma'aikaci ya kamata ya riƙe shi.

Wannan ma'aikacin muka fi rasa. Shi ke jera littattafai bisa tsari, kamar na Dewey da ke raba su rukuni 10 bisa fannonin ilimi, har yaro ya gano abin da yake nema. Shi ke koya masa buɗe ƙamus, karanta taswira, da tantance abin da ya tsinto a intanet (mu manya ma muna buƙatar wannan darasin).

Ina kira ga shugabannin makarantu su ware wa ɗakin karatu awa ɗaya a jadawalin mako, su kuma bar yara su ari littattafai, har da na harshensu, su tafi da su gida.

Naka,
Wani tsohon malamin makaranta