Mutum-mutumi a Ɗakin Tiyata: A Duba Halin Majiyyaci Kafin a Yi Guɗa

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida tamu mai farin jini domin in tofa albarkacin bakina a kan labaran da ke ta yawo game da na'urorin mutum-mutumi masu yin tiyata. Kusan kowane wata sai an ji an yi wa wani aiki daga wata nahiya zuwa wata, ko kuwa wata na'ura ta yi ɗinki da kanta, kuma yawancin masu kawo labarin sukan tsaya ne ga ban mamakin abin. Ba kasafai suke kaiwa ga tambayar da ta fi damun mai ciwo da danginsa ba, wato ko wanda aka yi wa aiki da na'urar ya fi samun sauƙi a kan wanda aka yi wa da hannu. Binciken ya yi nisa, kuma ya cancanci yabo, amma Bahaushe ya ce ba girin-girin ba, ta yi mai.

Abin ba yau ya fara ba. A shekarar 1985 likitoci a Long Beach da ke jihar Kalifoniya ta Amurka suka ɗauko hannun ƙarfe na masana'anta mai suna PUMA, suka sa shi ya saita musu hanyar allurar da za a ɗebo tsoka daga ƙwaƙwalwar majiyyaci. A 1992 na'urar ROBODOC ta fara rarake ƙashin cinya domin dasa ƙugun roba da ƙarfe. Sai a shekarar 2000 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da na'urar da Vinci ta kamfanin Intuitive Surgical, wadda ta mamaye kasuwar duniya har kusan shekara 20 ba tare da wani abokin hamayya na kirki ba.

Yana da kyau mai karatu ya san abin da ke faruwa a cikin ɗakin, domin hoton da yawancinmu muke da shi a zuciya ba shi ne ba. Likitan fiɗa yana zaune a kan kujera a wani gefe na ɗakin, ya cusa goshinsa cikin madubin da ke nuna masa cikin majiyyaci an faɗaɗa shi har ninki goma, babban yatsansa da manuniya suna cikin wasu 'yan zobba, ƙafafunsa kuma suna kan matakai da yake sauya kyamara da su ko ya sakar wa almakashi wutar ƙone jijiyar jini. Can a kan gado, hannayen ƙarfe huɗu sun shiga cikin majiyyacin ta ƙananan huda da ba su kai faɗin yatsa ba. Idan likita ya motsa hannunsa da yawa, bakin almakashin yakan motsa kaɗan, kwamfuta kuma tana tace rawar hannu kafin ta isa ga nama. Kusa da gadon akwai wani likitan a tsaye yana sauya kayan aiki, yana zuƙe jini, ga mai sa barci yana kallon numfashi da bugun zuciya. Idan likitan ya ɗago kansa daga madubin, hannayen ƙarfen sai su tsaya cik. Ke nan a irin wannan tiyata, wadda ita ce kusan duk abin da ake yi a asibitoci a yau, ba na'ura ce ke yanke shawara ba. Shekara da shekaru ma babban koken likitoci shi ne ba sa jin taurin nama ko laushinsa a hannunsu, ido kaɗai suke dogara da shi, sai a 2024 sabon samfurin da Vinci 5 ya zo da kayan aiki masu mayar wa hannu ƙarfin da yake ja da shi.

Akwai wuraren da amfanin ya fito fili. A shekarar 2016, a asibitin John Radcliffe na Oxford a Ingila, Farfesa Robert MacLaren ya yi amfani da na'urar Preceyes ta ƙasar Holan ya ɓare wani tantani daga bayan idon majiyyaci, tantanin da kaurinsa bai wuce kashi ɗaya cikin ɗari na milimita ba. A irin wannan aiki bugun jinin da ke yatsan likita kaɗai ya isa ya kauce da bakin allura, don haka na'urar da ke kashe rawar hannu tana yin abin da ɗan Adam ba zai iya ba komai ƙwarewarsa. Haka kuma a ayyukan da ake yi can cikin ƙugu, inda wuri ya yi ƙunci, kamar cire mafitsara ko cire firostet, wato ƙululun da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji, majiyyata sukan yi asarar jini kaɗan su kuma bar asibiti da wuri idan aka kwatanta da tsaga ciki.

Sai dai da aka zo gwaji na haƙiƙa, inda ake raba majiyyata gida biyu ta hanyar ƙuri'a domin kada son rai ya shiga, tazarar ba ta kai yadda ake zuzutawa ba. A birnin Brisbane na Ostireliya an gwada maza 326 masu sankarar firostet, aka buga sakamakon a 2016, sai aka ga bayan mako 12 babu wani bambanci na a-zo-a-gani wajen riƙe fitsari da ƙarfin namiji tsakanin waɗanda aka yi wa da na'ura da waɗanda aka tsaga, alhali waɗannan biyun su ne abin da mai wannan ciwo ya fi tsoro. Gwajin ROLARR na 2017, wanda aka jagoranta daga Leeds ta Ingila a kan mutum 471 masu sankarar ƙarshen babban hanji, ya nuna an koma tsaga ciki a tsakiyar aiki ga kashi 8.1 cikin ɗari na ɓangaren na'ura, da kashi 12.2 na ɓangaren tiyatar huda da hannu, wato ta ƙananan huda ba tare da na'ura ba, kuma masu binciken da kansu suka ce wannan tazara ba ta isa hujja ba. Gwajin cire mafitsara da aka yi a Birtaniya aka buga a 2022 ya ba na'ura rinjaye, amma rinjayen shi ne kwana 82 a raye a wajen asibiti cikin kwana 90 na farko, a kan kwana 80 ga waɗanda aka tsaga. Kwana biyu ba abin rainawa ba ne ga wanda ke kwance, amma ba shi ne juyin juya halin da tallace-tallace ke faɗa ba.

Wanda ya fi girgiza likitoci shi ne gwajin LACC na 2018 a kan mata masu sankarar bakin mahaifa. An ɗauka tiyatar huda ta fi, domin mace takan tashi da wuri, tabo kuma ƙarami ne, sai aka tarar bayan shekara huɗu da rabi kashi 86 cikin ɗari ne ciwon bai dawo musu ba, alhali a ɓangaren da aka tsaga ciki kashi 96.5 ne. Domin adalci, yawancin waɗanda aka yi wa huda a wannan gwaji da hannu aka yi musu, ƙalilan ne da na'ura, amma darasin ya shafi kowa, domin an shafe shekaru ana yin aikin a manyan asibitocin duniya kafin a auna shi yadda ya kamata. A watan Fabrairun 2019 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta fitar da gargaɗi cewa ba a tabbatar da ingancin waɗannan na'urori wajen cire nono da wasu ayyukan sankara ba. Ga kuma batun horo. A 2015 wani majiyyaci ya rasu a Newcastle ta Ingila bayan tiyatar gyaran ƙofar zuciya da na'ura, irinta ta farko a ƙasar, kuma binciken da aka yi a 2018 ya gano cewa likitan bai samu cikakken horo a kan na'urar ba, ƙwararrun da aka kawo domin su sa ido kuma sun tafi tun ba a gama aikin ba.

Inda binciken ya fi zafi yanzu shi ne ƙoƙarin sa na'ura ta yi wani ɓangare na aikin da kanta. A watan Janairun 2022 ayarin Axel Krieger na Jami'ar Johns Hopkins ya ba da rahoton cewa na'urarsu mai suna STAR ta haɗe bakin hanji biyu da ɗinki a cikin aladu huɗu masu rai, ta ƙananan huda, da ɗan sa hannun mutum kaɗan. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin hanji nama ne mai laushi da santsi, yana motsi da kowane numfashi, kuma ɗinki ɗaya da ya yi sako-sako ya isa ya sa ƙazanta ta tsiyaya cikin ciki ta kashe mutum. A 2025 ayarin ya sake fitowa da wata na'ura da ta koyi aiki ta hanyar kallon bidiyon likitoci, ta bi matakai 17 na maƙale jijiya da bututun maɗaciya da yanke su, ta kuma yi nasara a gwaji takwas cikin takwas. Amma a lura, a kan gaɓoɓin alade da aka riga aka ciro aka yi wannan gwajin, inda babu jinin da zai ɓalle ya rufe kyamara, babu kuma hawan jini ko faɗuwarsa. Ƙwarewar likitan fiɗa tana bayyana ne a lokacin da abin da ba a zata ba ya auku, kuma har yanzu doka ba ta warware wanda zai ɗauki alhaki idan na'ura mai cin gashin kanta ta yanke abin da bai kamata ba.

Tiyata daga nesa ita ce ta fi jan hankalin mutanenmu, kuma dalilin a fili yake. Ranar 7 ga Satumba, 2001, Farfesa Jacques Marescaux yana zaune a New York ya cire maɗaciyar wata mata 'yar shekara 68 da ke kwance a Strasbourg ta Faransa, ta layin sadarwa na musamman wanda jinkirinsa bai kai kashi ɗaya cikin biyar na daƙiƙa ba. Tsadar layin ta sa abin ya kwanta shekaru masu yawa. A watan Yunin 2024 wani likitan ƙasar Sin, Zhang Xu, ya yi aikin firostet daga birnin Rum na Italiya ga majiyyaci a Beijing, sannan a Yunin 2025 Dakta Vipul Patel ya yi irinsa daga jihar Florida ga majiyyaci a Luwanda ta Angola. Abin da kanun labarai ba sa faɗa shi ne, a gefen majiyyacin akwai na'ura mai tsada, da wutar lantarki da ba ta ƙiftawa, da cikakken ayarin likitoci a shirye su karɓi aikin da hannu idan layi ya yanke. Garin da ke da waɗannan duka, ai ya riga ya fita daga sahun garuruwan da ba su da likitan fiɗa.

A nan ne maganar ta shafe mu kai tsaye. Kwamitin mujallar Lancet kan tiyata a duniya ya ƙiyasta a 2015 cewa mutum biliyan 5 ba sa samun tiyata mai aminci da za su iya biya a lokacin da suke buƙata. Binciken da Farfesa Bruce Biccard na Afirka ta Kudu ya jagoranta, aka buga a 2018, ya bi majiyyata 11,422 a asibitoci 247 na ƙasashen Afirka 25, har da Najeriya. Duk da cewa majiyyatan sun fi na sauran duniya ƙuruciya da ƙarancin cututtuka, kashi 2.1 cikin ɗari sun rasu, haɗarin mutuwarsu bayan tiyata ya kai ninki biyu na abin da ake gani a duniya, kuma kashi 94 cikin ɗari na mace-macen sun auku ne bayan ranar da aka yi aikin. Ma'ana, ba a kan gadon fiɗa ake rasa mutane ba, a ɗakin jinya ne, cikin dare, lokacin da nas ɗaya ke kula da gadaje masu yawa, ba a lura jini ya sauka ba, ko kuwa an lura amma babu jini a ma'ajiya, babu iskar oksijin. Binciken ya kuma samu ƙwararrun fiɗa da sa barci da haihuwa ba su kai mutum ɗaya ga kowane mutum 100,000 ba, alhali kwamitin Lancet ya ba da shawarar 20. Babu hannun ƙarfen da zai toshe wannan giɓi. Na'ura ɗaya takan kai dala miliyan 2, ban da kuɗin gyara na shekara-shekara, ga kuma almakasai da hantsuna da aka ƙayyade musu yawan amfani, da zarar sun cika sai na'urar ta ƙi karɓarsu, dole a sayo sabbi da kuɗin waje.

Ba ina cewa a juya wa wannan fanni baya ba ne. Afirka ta Kudu ta fara a wani asibitin kuɗi a Pretoria a 2013, kuma a 2022 asibitin gwamnati na Tygerberg ya bi sahu, inda ake horar da likitoci masu tasowa. Ƙarewar wa'adin haƙƙin mallakar wasu fasahohin da Vinci ta buɗe ƙofa ga sabbin na'urori irin su Versius ta Cambridge a Ingila, da Hugo ta kamfanin Medtronic, da Toumai ta ƙasar Sin, da SSi Mantra ta Indiya wadda aka ƙera musamman domin ta yi araha. Wannan gasa ita ce labarin da ya fi dacewa mu bi, tare da binciken da ke amfani da bidiyon tiyata wajen koyar da ɗalibai da nuna musu kurakuransu, domin wannan ba ya buƙatar miliyoyin daloli. Jami'o'in da ke da tsangayar injiniya da asibitin koyarwa a gari ɗaya, kamar Ahmadu Bello ta Zariya da Bayero ta Kano, suna da damar haɗa ɗaliban ɓangarorin biyu a kan kayan gwajin ɗinki da riƙe kyamara da na'urorin sa ido a kan majiyyaci bayan aiki.

Saboda haka, ya Edita, ranar da wani gwamna ko mai asibiti ya kira 'yan jarida domin yanke ƙyallen sabuwar na'urar tiyata, ina roƙon wakilinku ya tambaya aiki nawa likitan da zai zauna a kanta ya yi ƙarƙashin kulawar ƙwararre kafin a sakar masa, da wanda zai gyara ta idan ta tsaya da kuma kwanakin da zai ɗauka kafin ya iso, da abin da majiyyaci zai biya. Bayan shekara guda kuma ya koma ya nemi alƙaluman waɗanda aka yi wa aiki, nawa suka warke, nawa aka sake kwantarwa, nawa suka rasu, ya buga mana su a wannan shafi.

Wassalam,
Mai karanta jaridarku a kullum,
daga Zariya.