Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Shugaban Ƙaramar Hukumarmu: A Riga Igiya Isa Gona

Mai girma Shugaba,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da addu'ar Allah Ya taya ka riƙon amanar da aka ɗora maka, ina rubuto maka ne a matsayina na magidancin da ya shekara 11 a ɗaya daga cikin sababbin unguwannin da birnin Kano ya haifa a cikin ƙasarka, irin unguwannin da ko jiya-jiyan nan gonakin gero da dawa ne. Na zaɓi in yi maganar a bainar jama'a domin ba ta tsaya a kan iyakar ƙaramar hukumarmu ba. Duk wanda ke zaune a Kumbotso ko Ungogo, ko a sassan Dawakin Kudu da Gezawa da Tofa da Dawakin Tofa waɗanda birni ya riga ya taɓo, zai hango layinsu a cikin abin da zan faɗa.

A gaban idona aka yanka gonar da muke zaune a kanta. Mai ita ya rasu, magada suka sayar wa wani dillalin filaye, shi kuwa ya zo da yaransa biyu da igiya da turaku, kafin la'asar sun fitar da fuloti fiye da arba'in. Babu safiyo a wurin, babu taswira, babu wanda ya tsaya ya tambayi tsofaffin manoman yankin ta ina ruwa ke bi idan damina ta yi nisa. Hanyar da aka bari a tsakiya da kyar motoci biyu za su gitta juna, kuma ko ita ɗin ba ta tsira ba, domin da aka fara gini kowa ya ɗan ciro katangarsa taku ɗaya, wannan ya yi dakali, wancan ya haƙa sokawe a ƙofar gida, har ta koma lungun da mai a-daidaita-sahu ke sauke mutum a bakinsa ya ce ya ƙarasa da ƙafa. Mun saya muna murna, kuma ba na zargin kowa daga cikinmu da ya saya, saboda ƙaramin ma'aikaci ko ɗan kasuwar da ya gaji da biyan haya ba shi da kuɗin awon gwamnati, awon igiya shi ne daidai aljihunsa.

Akwai wani kududdufi a gabas da mu wanda duk ruwan yankin yake gangarawa cikinsa. A hankali aka riƙa cike shi da shara da ɓaraguzan gini, wata rana muka wayi gari an kafa masa turaku shi ma. Daminar da ta biyo baya, a wani dare na watan Agusta, ruwa ya zo neman tsohon masaukinsa ya tarar da katanga, sai ya juyo cikin gidajenmu. Na tsaya a tsakar gidana ruwa ya kai mini gwiwa, ina riƙe da fitilar waya, maiɗakina tana ɗora buhun masara da littattafan yara a kan gado, ga warin sokawen maƙwabta da ya tumbatsa ya haɗe da rijiyar da muke sha. Bayan mako guda kusan kowane gida a layin yana jinyar yaro mai gudawa. A shekarar ce kuma wani dattijon unguwarmu ya rasu, muka rasa inda za mu kai shi, domin a duk gonakin da aka yanka babu wanda ya ware ko taku goma don maƙabarta. A bayan a-kori-kura muka ɗora makara zuwa maƙabartar wani tsohon gari da ke maƙwabtaka da mu, inda masu haƙa suka gwada wuri uku suna tarar da tsohon kabari kafin su sami gurbi.

Ranka ya daɗe, ware wa kowane abu muhallinsa a gari ba baƙon abu ba ne a Kano. Waɗanda suka gina badala sun kewaye fili mai yawa da ba a gina ba, har da gonaki, kuma kududdufan da suka haƙa don samun ƙasar gini su ne suka zama matattarar ruwan sama. Tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, a ƙarni na 15, kasuwa ta sami mazauninta a Kurmi. Marina tana Ƙofar Mata, sunayen unguwanni irin su Soron Ɗinki da Dukawa da Tudun Maƙera har gobe suna shaida cewa masu sana'a ɗaya wuri ɗaya suke zama. A zamanin baya-bayan nan an keɓe Bompai da Sharaɗa da Challawa don masana'antu, an kuma zana wa Kano da kewayenta tsarin shekara 20, daga 1963 zuwa 1983, wanda B. A. W. Trevallion ya shirya. Wa'adin wancan tsari ya ƙare tun da daɗewa, jama'ar jihar sun haura miliyan 9 tun a ƙidayar 2006, birni kuwa ya ci gaba da tafiya, kuma a yawancin wuraren da ya nufa dillali ne yake yi masa jagora. Addininmu ma bai bar wannan fage haka nan ba, domin ya tabbata a hadisi cewa idan aka yi saɓani a kan hanya a sanya faɗinta kamu bakwai, kuma wannan ma'auni ne na zamanin raƙumi da jaki, ba na motar 'yan kwana-kwana ba.

Na san amsar da aka saba bayarwa a sakatariya, wato cewa ƙasa ta gwamna ce, tsara birni kuma aikin hukumar tsara birane ta jiha ne, wato KNUPDA. Akwai gaskiya a cikin wannan. Dokar Amfani da Filaye ta 1978 ta damƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana, ta ba shi ikon ayyana inda ya zama yankin birni, kuma Kotun Ƙoli a shari'ar da Jihar Legas ta yi da Gwamnatin Tarayya a 2003 ta tabbatar da cewa tsara birane hurumin jihohi ne. Sai dai dokar ba ta tsaya a nan ba. Sashe na 6 ya bai wa ƙaramar hukuma ikon ba da haƙƙin mallaka na gargajiya a ƙasar da ba ta cikin yankin birni, har zuwa hekta 500 don noma da hekta 5,000 don kiwo. Sashe na 21 ya hana sayar da irin wannan haƙƙi ba tare da amincewar ƙaramar hukuma ba, sashe na 2 kuma ya tanadi kwamitin ba da shawara kan rabon filaye a kowace ƙaramar hukuma. Jadawali na Huɗu na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ɗora muku hanyoyi da magudanan ruwa da maƙabartu da kasuwanni da tashoshin mota da mahauta da wuraren shaƙatawa, har da sanya wa tituna suna da lambar gidaje. Wanda doka ta ɗora wa gina magudanar ruwa da samar da maƙabarta ba zai ce babu ruwansa da ranar da ake yanka filin da za a yi su a kai ba, domin idan aka yanka babu gurbinsu, nauyin yana nan a wuyansa amma wurin sauke shi ya tafi.

Roƙona na farko, wanda shi ne ginshiƙin wannan wasiƙa, shi ne hukuma ta riga igiya isa gona. Babu wanda ke sayen fuloti a awon igiya ba tare da takardar ciniki mai ɗauke da sa hannun mai unguwa ko dagaci ba. Wannan sa hannu shi ne abin da mai saye ke dogara da shi, kuma shi ne ƙofar da kowane ciniki yake bi. Ina roƙon ka zauna da hakimi da dagatai da kansilolinka a fitar da doka ta ƙaramar hukuma wadda za ta ce ba za a sa hannu a kan fulotin da aka yanko daga gona ba sai an ajiye zanen yankan a ofishin ƙasa na sakatariya, zanen da ke nuna faɗin kowace hanya da inda ruwa zai bi har ya fita. A tanadi safiyo a kan kuɗi ƙayyadadde maras tsada wanda kowa ya sani, a riƙa tura zanen ga KNUPDA inda ƙasar ta faɗa yankin birni, sa'an nan a zana shi a kan allo a kafa a bakin filin, yadda mai saye zai gani da idonsa cewa wannan wuri hanya ce kafin wani ya sayar masa da ita. Idan aka tsawwala kuɗin ko aka mayar da shi aikin je-ka-ka-dawo na wata shida, dillalai za su koma yanka da daddare, mu kuma mu koma gidan jiya, don haka sauƙi da sauri su ne rayuwar wannan doka.

Akwai wata matsala da zanen gona ɗaya ba zai warware ba. Yawancin gonakin da ake yankawa ƙanana ne, na gado, kuma ba adalci ba ne a ce wa marayun da suka gaji kadada ɗaya su fitar da makaranta da asibiti da maƙabarta daga cikinta, alhali maƙwabcinsu bai ba da komai ba. Shi ya sa dole a dubi mazaɓa gaba ɗayanta, a shata manyan hanyoyin da za su ratsa gonaki da yawa tun kafin a taɓa su, a raba nauyin a kan kowa gwargwadon girman gonarsa. Filin maƙabarta da na makaranta kuwa hukuma ta saya da kuɗinta yanzu, tun ana sayar da shi a farashin gona, domin bayan shekara biyar farashin fuloti za a nema, bayan goma kuma sai an biya diyyar gini. Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a ranar 11 ga Yulin 2024 cewa kason ƙananan hukumomi ya riƙa shiga asusunsu kai tsaye, kuma duk yadda aiwatar da hukuncin ya kasance, ban ga abin da ya fi cancanta a fara kashe wa kuɗin ba kamar ƙasar da ba a ƙera sabuwa. In an saya, a katange, a rubuta, a damƙa kwafin takardar ga kwamitin unguwa da limamin masallacin Juma'a, saboda mun sha ganin filin makaranta ya tsira daga dillali amma jerin shaguna sun cinye gefensa daga baya.

Game da abin da ake yi a cikin unguwa bayan an gina ta, ba na cikin masu cewa a kori sana'a daga gidaje. Mai injin markaɗe da tela da mai shagon kayan masarufi da matar da ke tuyar ƙosai su ne unguwa, kuma duk dokar da ta taɓa abincinsu ba za ta yi kwana uku ba. Amma wurin ɗura iskar gas jikin katangar makarantar Islamiyya, ko gidan bulo mai tayar da ƙura da ƙarar inji a tsakiyar gidajen kwana, ko gidan biredin da hayaƙinsa ke sauka a ɗakin mai jego, waɗannan suna bukatar tazara da aka rubuta, da kuma filin sana'a da aka tanada musu a gefen gari domin a sami inda za a ce su koma. Haka nan burtalin da shanu suka saba bi, wanda idan aka toshe shi da gini garken ba ya ɓacewa, cikin amfanin gonar wani yake karkata.

Mun ga abin da jinkiri ke jawowa a cikin birni kansa. A daminar 2022 ruwa ya shiga Kantin Kwari ya lalata dukiya mai yawa, kuma gine-ginen da aka ɗora a kan hanyoyin ruwa na cikin abin da aka fi nunawa da yatsa. A ƙarshen watan Agustan shekarar wani bene da ake ginawa a titin Beirut ya rufta a kan mutane. A watan Yunin 2023 kuma katafila ta rushe shagunan filin Idi da ginin da aka yi a tsohon otal ɗin Daula, har maganar shagunan filin Idi ta kai Babbar Kotun Tarayya ta yanke diyyar naira biliyan 30, daga baya aka sasanta a kan biliyan 3. Ba na shiga muhawarar wa ya yi daidai a cikin gwamnatocin jihar biyu, wadda aka yi gine-ginen a zamaninta da wadda ta rushe su. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne yawan siminti da ƙarfe da gumin mutane da suka koma ɓaraguzai, da kuɗin jama'a da aka biya a kan abin da turke ɗaya da aka kafa a kan lokaci zai iya hanawa. Idan haka ta faru da masu hali, to ranar da jan fenti ya iso katangar talakan da ya tara shekara goma yana sayen bulo ɗari-ɗari, ba shi da lauyan da zai tsaya masa.

Mu da muka riga muka gina ba ma neman a rushe unguwarmu a sake zanawa. Muna roƙon a turo injiniya ya bi sawun ruwa tare da mu, a buɗe masa hanya guda ko da za a sayi fuloti biyu ko uku da ba a gina ba, a sanya wa layukanmu suna da lamba yadda za a iya kwatanta gida ga motar asibiti. Amma gonakin da ke arewa da mu har yanzu dawa ce a tsaye a cikinsu, kuma na ga dillalai sun fara zagayawa suna tambayar magada. Da zarar an yi girbi an kwashe kara za a shigo da igiya. Ina roƙonka, ranka ya daɗe, ka zo da kanka kafin lokacin, tare da hakimi da jami'in ƙasa da safiyo, mu kuma za mu tara maka dattawan da suka noma wurin, su nuna maka inda ruwa ke kwanciya da inda tsohon burtali ya bi.

Allah Ya yi maka jagora, Ya sa ka gama lafiya.

Wassalam,

Naka mai biyayya,
Wani magidanci daga sababbin unguwannin gefen birnin Kano.