Gyara kan shirinku na kiɗan punk

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina cikin masu bin shirinku na kaɗe-kaɗen duniya, kuma na ji daɗi da kuka taɓo kiɗan punk a makon jiya, don ba kasafai ake jin sa a rediyonmu ba. Sai dai maganganu biyu na mai gabatarwa sun tsaya mini a rai. Ya ce a Landan aka haifi kiɗan, kuma 'yan ƙungiyar Sex Pistols ne iyayensa. Sannan ya ce abin da ake kira pop punk ɗan baya ne da ya ɓata sunan gida, wai 'yan kasuwa ne suka ɗauki kiɗan fushi suka zuba masa sukari. Maganar farko gyaranta ba wuya. Ta biyun ce ta sa na zauna rubuta wannan wasiƙa.

Ni dai ban taɓa taka Turai ba. Yayana ne ya yi karatu a Manchester, ya dawo mana da akwati cike da kaset-kaset, a nan na fara jin wannan kiɗa. Hajiyarmu kan ce kamar ana kifar da kwanuka a tsakar gida, a rage mata. Ba a rage ba, har yau ina ji.

A New York abin ya fara tsayawa da ƙafafunsa. A ƙarshen 1973 wani mai suna Hilly Kristal ya buɗe gidan rawa na CBGB a unguwar Bowery, wadda a lokacin matattarar mashaya ce da marasa wurin kwana. Niyyarsa ya kawo makaɗan country da blues, sunan gidan ma daga nan ya samo shi, sai ga samari masu yagaggen wando sun cika masa wuri. A cikinsu akwai Ramones, samari huɗu daga yankin Queens na birnin da suka haɗu a 1974, kowannensu ya laƙaba wa kansa sunan Ramone alhali ba su haɗa ko kaka ba. Faifansu na farko ya fito a Afrilun 1976, waƙoƙi 14 cikin minti 29, an kashe kimanin dala 6,400 wajen naɗarsa. Su ma ba daga sama suka faɗo ba. Kafin su akwai Stooges da MC5 a jihar Michigan, akwai kuma New York Dolls.

Abin da ya tunzura su shi ne yadda kiɗan rock ya zama na manya. Waƙa guda sai ta kai minti ashirin, mai jita ya yi ta nuna gwaninta shi kaɗai, makaɗa suna can nesa a filin ƙwallo ana hango su kamar tururuwa. Yaron da ba shi da kuɗin kayan kiɗa masu tsada ba shi da ƙofar shiga. Ramones suka ce a koma waƙar minti biyu.

Landan ta karɓa ne ta ƙara masa barkono, kuma ruwa ba ya tsami banza. A 1975 hauhawar farashi a Birtaniya ta kai wajen kashi 25 cikin ɗari, marasa aikin yi sun haura miliyan ɗaya, a 1976 gwamnati ta je neman rance wurin Asusun Ba da Lamuni na Duniya. A wannan yanayi Malcolm McLaren, wanda ke da kantin tufafi da Vivienne Westwood a titin King's Road, ya tattara Sex Pistols. An ɗauki mawaƙinsu Johnny Rotten ne bayan an hango shi sanye da rigar Pink Floyd da ya rubuta a kanta cewa ya tsane su. Ranar 1 ga Disamba 1976 suka yi ta ashar a talabijin kai tsaye a shirin Bill Grundy, washegari jaridu suka ɗauka. A 1977, shekarar da Sarauniya Elizabeth ta cika shekara 25 a kan gadon mulki, suka fitar da waƙar da ta yi mata shaguɓe, BBC ta hana sanya ta, duk da haka ta kai mataki na biyu a jerin waƙoƙin da aka fi saye. Zuwa Janairun 1978 ƙungiyar ta watse. Suna sun yi, ba musu, amma sun tarar da abin ne a hanya.

Yanzu ga inda muka saɓa da mai gabatarwarku. Zaƙin da yake ganin an zuba daga baya, yana cikin tukunyar tun ranar da aka ɗora ta. Duk wanda ya saurari Ramones da kunnen basira, ya kau da hankalinsa daga ƙarar jitar, zai ji amshi mai sauƙin kamawa irin na Beach Boys da ƙungiyoyin 'yan mata na shekarun 1960. Su da kansu ba su taɓa ɓoye son waɗannan waƙoƙi ba. A 1980 ma Phil Spector, wanda ya yi suna wajen haɗa wa waɗancan 'yan mata kiɗa, shi ya haɗa wa Ramones faifai.

Sai Buzzcocks na Manchester, waɗanda ko sau ɗaya ba a ambace su a shirin ba, abin da ya fi ba ni haushi ke nan. Howard Devoto da Pete Shelley, waɗanda suka kafa ƙungiyar, su ne suka gayyato Sex Pistols garinsu ranar 4 ga Yunin 1976, a wani ƙaramin zaure da mutanen da suka halarta ba su wuce arba'in da 'yan kai ba. Buzzcocks suka ranci kusan fam 500 daga dangi da abokai, a Janairun 1977 suka fitar da ƙaramin faifai mai waƙa huɗu da sunan kamfanin da suka kafa da kansu. Wannan ya nuna wa ɗaruruwan matasa cewa ba sai ka durƙusa wa babban kamfani ba kafin a ji muryarka. To waɗannan da suka fi kowa riƙe aƙidar yi da kanka, me suke waƙa a kai? Soyayya, kishi, kaɗaici, son wanda bai san kana yi ba. A 1978 Undertones daga Derry a Ireland ta Arewa, garin da sojoji ke sintiri a tituna, suka fito da waƙar samartaka mai daɗin amshi har John Peel, mai gabatar da kiɗa a rediyon BBC, ya sa ta sau biyu a jere. Idan wannan ba pop punk ba ne, a gaya mini sunansa. Kuma lokacin ɗan gaban Green Day, ƙungiyar pop punk ta Amurka, yana ɗan shekara shida.

A Kalifoniya abin ya ci gaba. Descendents sun haɗa saurin kiɗan hardcore, wato punk mai zafi, da waƙoƙin 'yan mata da shan kofi tun 1982, Bad Religion suka shigo da muryoyi masu amsa wa juna. A ƙarshen 1986 aka buɗe wani zaure a lamba 924 titin Gilman a Berkeley, 'yan sa kai ke tafiyar da shi. Dokokinsa a rubuce suke: yaro da babba kowa ya shigo, ba giya, ba ƙwaya, ba faɗa, kuma ba a yarda da ƙungiyar da ke ƙarƙashin babban kamfani ba. A nan Green Day suka yi wayo. Da suka sa hannu da babban kamfanin Reprise a 1993, zauren ya rufe musu ƙofa. Faifansu na 1994 ya sayar da fiye da kwafi miliyan 10 a Amurka kaɗai, don ƙungiyar Nirvana ta riga ta share hanya tun 1991, tashar talabijin ta kiɗa MTV kuma tana neman samari masu jita ido rufe.

Na san a nan mai gabatarwa zai ce, ka gani, sun bi kuɗi. To a duba iyayen gidan. Sex Pistols sun sa hannu da babban kamfanin EMI, aka sallame su, suka koma A&M, aka yi bikin sa hannun a gaban fadar Buckingham, aka sake sallamar su cikin 'yan kwanaki, suka ƙare a Virgin. The Clash, da ake yi wa kallon masu tsantsar aƙida, sun karɓi kwantiragin fam 100,000 daga CBS a farkon 1977. A ɗaya gefen kuma, Offspring sun sayar da miliyoyin kwafi a 1994 suna ƙarƙashin Epitaph, kamfani mai zaman kansa na mai jitar Bad Religion. Laifi tudu ne, in za a auna yaran 1994 da wannan mudu, a auna na 1977 da shi.

Ban ce babu abin da ya canza ba. Masu sauraro sun canza. Daga matasan birni da suka rasa aiki, kiɗan ya koma hannun 'ya'yan masu hali na unguwannin bayan gari, waɗanda damuwarsu makaranta ce da budurwa da zaman banza. Aka fara yawon wasa na Warped Tour a 1995, kamfanin takalma na Vans ya zo ya ɗauki nauyinsa. Blink-182 suka yi tashe a 1999 da barkwancin yara, bayansu kamfanoni suka yi ta ƙyanƙyasar ƙungiyoyi masu kama da juna kamar an buga su a injin bulo. Da yawansu ni ma ba na iya ƙarasa waƙarsu. Amma Green Day ɗin nan da aka kira maciya amana, su ne a 2004 suka fitar da faifan da ya caccaki gwamnatin George W. Bush ana tsakiyar yaƙin Iraƙi, lokacin da mawaƙa da dama suka kama bakinsu. A 2015 kuma sun koma zauren Gilman sun yi wasan tara kuɗin taimako.

Roƙona ɗaya ne, Malam Edita. Idan kun sake waiwayar wannan batu, ku sa waƙar Buzzcocks ta 1978, ku bi ta da ta Green Day ta 1994 ba tare da faɗin sunan kowa ba, ku buɗe layin waya masu sauraro su faɗi wacce ce ta fushi, wacce ce ta sukari. In kaset ɗin ya yi muku wuyar samu, na yayana suna nan a akwati, sai dai a nemo rediyon da zai juya su.

Na gode. A gaishe da mai gabatarwa, ba da wata manufa na faɗa ba.

Naku mai sauraro,
daga Zariya